Ɗana, Kafin Ka Ɗaura Kambas da Daddare



A 'yan shekarun nan na lura da wani abu da ke faranta mini rai. Da an idar da sallar isha'i, ko kuwa tun kafin assalatu, sai ka ga matasa sun fito da kambas da wandon atisaye suna sassarfa a gefen titi. Wani shirin shiga soja ko ɗan sanda yake yi, an gaya masa ba a ɗaukar mai haki. Wani ɗan ƙwallo ne, numfashi yake nema. Wata kuma likita ne ya ce ta rage ƙiba, saboda hawan jini ko ciwon suga da ke cikin dangi. Ban ga laifin kowa ba don ya zaɓi dare. Duk wanda ya san ranar Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40, ba zai ce wa yaro ya yi gudu da tsakar rana ba. Ga makaranta, ga kasuwa, ga wurin koyon sana'a, duk sun cinye yinin. In azumi ya kama kuwa, ba sauran lokaci sai bayan asham. Saboda haka ba hana ku na zo yi ba. Lafiya uwar jiki ce, wanda ya neme ta ya yi abin kirki. So nake duk wanda ya fita da ƙafarsa ya dawo da ƙafarsa.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa, wanda kusan kowa ke yi bai sani ba, shi ne mai gudu ya ɗauka tun da shi yana ganin mota, to direban ma yana ganinsa. Ina! Kai fitila kake hangowa, fitila kuwa a cikin duhu ko daga ina ana ganinta. Shi me zai hango a jikinka? Wata rana ka roƙi wani mai mota ya ba ka gidan gaba, ku bi titin Zariya ko titin Gwarzo wajen ƙarfe tara na dare, ka zuba ido kawai. Gilashi ya sha ƙura, wataƙila har da tsagewa a gefe. Fitila ɗaya ce ke da ƙarfi, ɗayar ta dushe. Motar da ke tahowa ta gabanku ta ƙi rage tata, ta kashe muku ido, na ɗan lokaci ba abin da kuke gani sai fari fat. Ga ɗan adaidaita sahu ya ratso ba sigina, ga wayar direban tana ƙara a aljihu. A cikin wannan hali ne mai baƙar riga zai bayyana a bakin kwalta kamar daga ƙasa ya tsiro. Ranar da ka ga haka da idonka, ba sai wani ya sake yi maka wa'azi ba.

Mu ɗan yi lissafi, ba mai wuya ba ne. Motar da ke tafiyar kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya gane mutum ne a gabansa, ya ɗaga ƙafa ya taka birki, daƙiƙa ɗaya ta wuce, sau da yawa ma fiye. Daga nan motar sai ta ja wata tafiyar kafin ta tsaya cak. A titi mai kyau, busasshe, da birki lafiyayye da taya mai rai, ana maganar wajen mita 40 ne gaba ɗaya. Mai duhun kaya kuwa galibi ba a ganinsa sai an matso kusa fiye da haka. Ka ga ke nan ko direban mutumin kirki ne, ko bai sha komai ba, ko bai yi gyangyaɗi ba, lokaci ya riga ya ƙure masa. To ina ga tirela mai kaya, ko tifa da ta ɗauko yashi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 ne haɗarin hanya ke kashewa duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29, wato ku. Wajen kashi ɗaya cikin biyar na mamatan masu tafiya a ƙasa ne, sannan in an auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya shan kashi.

Maganin wannan ba shi da tsada. Ka rabu da baƙi da shuɗi mai duhu da ruwan toka in dare ya yi. Fari ya fi su, amma shi ma kada ka dogara da shi kaɗai, domin haske ba ya dawowa daga jikinsa yadda ake zato. Abin da ke aiki shi ne rigar nan mai sheƙi da ma'aikatan hanya da masu sharar titi ke ɗorawa a kan kayansu, wadda da fitila ta taɓa ta sai ta ɗauki ido tun daga nesa. Ana samunta a kasuwa, kuɗinta bai kama ƙafar na kambas ɗinka ba. In ka samu ƙyallen mai sheƙi ka ɗaura a idon sawu da wuyan hannu, ya ma fi, domin gaɓoɓin da ke motsi su ne ke sa direba ya gane nan take mutum ne ba allon talla ba. Na san wasunku za su ce abokai za su yi musu dariya, a ce ga ɗan kwangilar titi ya fito. A yi mana. Dariyar kwana biyu ce, rana ta uku za ka ga wani ya sayo tasa.

Sai gefen da za ka bi. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, haka ake yi a Nijar da Kamaru da Gana. Ke nan mai gudu ya kama gefen hagu, ya fuskanci motocin da ke tahowa, yadda zai ga wadda ta kauce hanya ya yi tsalle gefe. Wanda ya ba mota baya ya miƙa ransa ga mutumin da bai sani ba. Amma kada wannan ya sa ka saki jiki, don ka san halin titunanmu: mai babur zai biyo hannun da ba nasa ba, ba fitila, ya fito maka ta baya. In za ka tsallaka titi, ka daina gudu, ka tsaya, ka duba, ka taka a hankali. Kuma in da hali ka ƙaurace wa goshin magariba. A ƙasarmu duhu ba ya jira, rana na faɗuwa cikin ɗan lokaci gari ya rufe, ido bai saba ba, wasu ba su kunna fitila ba, kowa yana saurin gida ko masallaci. A watan azumi abin ya fi muni, don a lokacin direba ba ya ganin komai sai kofin kunu.

Sai kuma maganar kunne. Da rana ido ne mai gadinka, da dare kuwa rabin aikin na kunne ne. Ƙarar babur daga baya, haushin kare, takun mutum, muryar wanda ke ce maka "tsaya", duk ta nan suke shigowa. Sai ga yaro ya toshe kunnuwa biyu da iyafis, ya ƙure sauti, ya shiga duhu. Waƙa ce ko karatu ne, duk ɗaya, an dai rufe ƙofar. Hausawa suka ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. A wannan wuri maganar ba ta buƙatar fassara. Ka bar iyafis ɗin a gida. In ka ga ba za ka iya ba, sa ɗaya kawai, ka rage sauti.

Ƙasar da kake takawa ma tana da nata. Lambatu ba murfi, kwalbatin da aka sace ƙarfensa, ramin da aka haƙa don bututu aka manta da shi, rodin da ya leƙo daga kankare. Da rana kana tsallake su ba ka ma sani ba. Kada ka gwada sabuwar hanya da dare. Bi ta da rana tukuna, ka haddace ramukanta. Ka riƙe 'yar tocila kana haska gabanka, ba idon direbobi ba, kuma kada fitilun titi su ruɗe ka, ana iya ɗauke wuta kana tsakiyar tafiya. Da damina kuwa, duk ruwan da ya kwanta a gefen hanya ka ɗauka akwai rami a ƙarƙashinsa, duk wayar da ta faɗo ka ɗauka akwai wuta a jikinta.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wanda bidiyoyin motsa jiki da kuke kallo a waya ba za su gaya muku ba, domin masu yinsu ba a unguwanninmu suke zaune ba. A wurinmu, mutum yana gudu da tsakar dare abin tambaya ne. Ko an biyo shi, ko ya yi wani abu. Tun kaka da kakanni aka ce gudu da waiwaye shi ke kawo mugun zato. Mutanen da aka addaba da sata, aka kwashe musu babura da awaki da batiran sola, ba su da haƙurin tsayawa su yi bincike.

A wata unguwa da na zauna, akwai wani yaro mai hankali, ɗan gidan mutunci, yana shirin zuwa tantancewar aikin soja. Da asussuba cikin hunturu ya fito, ya ja hular rigarsa ya rufe kai saboda sanyi, kunnuwa a toshe. Ya ratsa ta wani lungu a unguwar maƙwabta, inda ba a daɗe da sace babur ba. 'Yan sintiri suka haska shi, suka ce ya tsaya. Bai ji ba. Aka busa usur, wani ya kwarma ihun ɓarawo, kafin ka ce kwabo ƙofofi sun buɗe, kowa da gorarsa. Sai da aka kai shi ƙasa sannan ya san da shi ake. Yana rantsuwa, ba mai saurare. Allah ya kawo wani mai shayi da ke hura wuta a bakin titi, wanda yaron kan gaisar kullum in zai wuce, ya kutsa cikin mutane yana cewa ku dakata, na san shi, ɗan gidan wane ne, atisaye yake yi. Da haka ya tsira, da fasasshen leɓe da targaɗe a hannu, tantancewar wannan shekarar kuma ta wuce shi. Ba ƙarfinsa ne ya cece shi ba, ba kuma saurinsa ba. Gaisuwa ce.

Saboda haka, ɗana, ka zama sananne a hanyar da kake bi. Gai da mai shayi, gai da mai gadi, gai da dattijon da ke zuwa buɗe masallaci. Ka je wurin 'yan sintirin unguwa da rana tsaka ka ce musu ni ne ɗan gidan wane, ina fitowa gudu da ƙarfe kaza. In iyayenka suka sanar da mai unguwa, ya fi kyau. Kada ka rufe fuska, kada ka ratsa lungunan da ba a san ka ba, kada ka bi ta jikin katangar mutane. In an ce ka tsaya, tsaya nan take, yi sallama, bar hannayenka a fili, faɗi sunanka da na gidanku cikin ladabi, ko da mai tambayar bai kai ka shekaru ba. Haka in ka doshi shingen jami'an tsaro: tun daga nesa ka koma tafiya, ka cire hula. Barikin soja, ofishin 'yan sanda, banki, duk ba wuraren da ake dosa a guje da dare ba ne. Mai bindiga a hannu shi ma tsoro yake ji. In an sa dokar hana fita, atisaye ba hujja ba ce. Garuruwan da ke fama da 'yan bindiga kuwa, ba sai na ja zance ba: bayan gari da dare ba wurin motsa jiki ba ne, ko da rakiya.

Dare rigar mugu, shi ma gaskiya ne. Ƙwacen waya ya ci rayukan matasa a biranenmu, Kano ta shaida. Mai gudu da babbar waya a hannu, fuskarta na haske a cikin duhu, talla yake yi bai sani ba. Ka bar ta a gida, ka ɗauki ƙarama mai maɓalli, da caji da ɗan kati, ka sa a aljihun ciki. In ƙaddara ta haɗa ka da masu wuƙa, miƙa musu, kada ka yi gardama, kada ka bi su. Na san jinin ƙuruciya, na san yadda zuciya ke tafasa a ce kana ji kana gani an karɓe abinka, balle kai da ke ganin ka yi atisaye ka murɗe. Wuƙa ba ta san wanda ya murɗe ba. Mahaifiyarka za ta iya jure asarar waya.

Kana iya cewa, to Baba, ka ce in zama sananne a hanya ɗaya, ai mugu ma zai san ni. Haka ne, kuma ga yadda nake ganin abin. Mutanen kirki su san fuskarka, amma kada kowa ya iya saita agogo da kai. Ka tsaya cikin yankin da aka san ka, sai dai yau ka fara ta gabas, gobe ta yamma, wani lokaci ka ɗan jinkirta. Kuma ka daina wallafa hanyarka a Facebook da WhatsApp. Manhajojin da ke auna gudu suna zana taswirar inda ka bi, daga ƙofar gidanku har ka dawo. A farkon 2018 taswirar da manhajar Strava ta fitar ta tona wuraren da sansanonin sojan Amurka suke a Siriya da Afganistan, don kawai sojojin suna gudu da na'urorinsu a kunne. In abin ya fallasa soja, kai wane ne?

Mafi sauƙin kariya dai shi ne kada ka fita kai kaɗai. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Mutum uku ko huɗu da riguna masu sheƙi, direba ya fi ganinsu, ɗan daba ya fi shakkarsu, ba kuma wanda zai yi musu ihun ɓarawo. In ɗaya ya faɗi akwai mai ɗaga shi. Sannan wa ya ce lallai sai titi? Filin makarantar unguwa, filin ƙwallo, cikin jami'a ga ɗalibai, harabar filin wasa in an yarda a shiga, duk sun fi bakin kwalta. Zagaye wuri ɗaya akwai gundura, na yarda. Amma huhunka bai san bambanci ba, sai ma hayaƙin mota da ka hutar da shi.

'Yata, duk abin da na faɗa ya shafe ki, da ƙari. Kina da haƙƙin neman lafiyarki kamar kowa, kuma in wani ya tare ki da maganar banza laifinsa ne, ba naki ba. Sai dai duniyar da muke ciki ita ce muke ciki. Ki fita da sanin iyayenki ko maigidanki, tare da 'yan'uwa mata ko wani muharraminki, a wuri mai katanga da haske da mutane. Dogon baƙin hijabi da dare ɓatar da ke yake yi gaba ɗaya a idon direba, ga shi yana iya harɗe ki. Ki nemi mai haske wanda ba ya jan ƙasa, ki ɗora mai sheƙin a sama. In kika ji a jikinki ana bin ki, kada ki tsaya lallashin kanki cewa ba komai. Nufi inda mutane suke, kanti ko gidan mai ko wurin mai shayi, ki ɗaga murya. Kada ki nufi gida ta lungu. Kunya ba ta da wuri a nan.

Kare kuwa, gudu ne ke tunzura shi, kuma ba za ka tsere masa ba. Tsaya, kada ka ƙura masa ido, ja da baya sannu a hankali. In ya cije ka ko ya yakushe ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka tafi asibiti a ranar don allurar rigakafi. Ciwon haukan kare in alamunsa suka bayyana, kusan ba mai tashi. Masu gudu a hanyar gona ko gefen ciyawa su tuna kububuwa da dare take yawo, musamman da damina. Ba banza ba aka yi asibitin masu saran maciji a Kaltungo ta jihar Gombe. In ta faru, ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa. A hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti.

Jikinka ma yana magana, ka saurare shi. Kada ka cika ciki da buɗa-baki ka zabura. Ba shi kamar awa biyu, ka sha ruwa isasshe. Ranar da hazo ya yi kauri ka haƙura, balle mai asma, shi kam kada ya fita ba abin shaƙarsa. Ciwon ƙirji, jiri, ko numfashin da ya ƙi dawowa, alama ce ta tsayawa da ganin likita, ba ta ƙara wuta ba. Duk wanda ya miƙo maka tiramol ya ce zai ƙara maka ƙarfin gudu, ba masoyinka ba ne. Ɓoye ciwo take yi har ka ji wa kanka rauni, tana kuma iya jefa mutum cikin jijjiga a tsakiyar titi. Kuma gudun da zai hana ka barci ya sa ka makara sallar asuba, a sake masa lokaci.

Na san amsar da wasunku ke bayarwa in an yi irin wannan zance: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, ba mai ja da ƙaddara. Amma ban taɓa ganin mai faɗin haka ya kwana da ƙofar shagonsa a buɗe ba. In kana sa wa kaya kwaɗo, ranka ya fi cancanta.

To daren yau, kafin ka ɗaura igiyar kambas, ka leƙa ɗakin mahaifiyarka ka gaya mata ta inda za ka bi, da wa za ku tafi, da ƙarfe nawa za ka dawo, kuma ka cika alkawarin, don in ka wuce lokaci a san inda za a fara nema. Ka rubuta sunanka da lambar wani na gida a 'yar takarda ka sa a aljihu, har da ciwon da kake da shi in akwai, sikila ce ko asma ko farfaɗiya. A Nijeriya lambar gaggawa 112 ce, ta Hukumar Kiyaye Haɗurra kuma 122. Ka ajiye su a wayarka. Rigar mai sheƙi, in ba ka da ita, gobe ka shiga kasuwa ka sayo biyu, ɗaya taka, ɗaya ta abokin gudunka. Allah ya tsare mana ku, ya yi muku albarka.